Kallon Taurari da Ɗaukar Hotonsu a Garin Gombe: Kayan Aiki, Shiri da Matsalar Gajimare da Hazo

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin sama. Tun kafin zuwan agogo da kalanda, da taurari manomi da makiyayi da bafatake da malamin zaure suke yin lissafinsu. Akwai Zara, wadda ake yi wa kirari da matar wata, akwai Gamzaki mai fitowa da asuba, ga kuma Kaza da 'Ya'yanta. Malamanmu sun raba shekara zuwa taurari 28, kowanne yana da kwana 13, in ban da Jabaha mai kwana 14, wanda idan aka haɗa zai ba da kwana 365. Har gobe akwai dattawan da za su lissafa maka taurarin damina, tun daga Haƙa'a da Hana'a da Zira'a, har zuwa Nasara da Ɗarfa da Jabaha da Harsan. A wannan ƙasa tamu ne kuma aka haifi Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, masanin lissafi da falaki wanda ya rasu a birnin Alƙahira a shekarar 1741.

A yau ɗalibi zai iya gama jami'a bai taɓa ɗaga kai ya nemi Kaza da 'Ya'yanta ba. Hasken lantarki ya dusashe taurarin, wayar hannu kuma ta sunkuyar da kawunanmu. Abin mamaki shi ne, ita wannan wayar tana cikin kayan da za su iya mayar da mu ga sama. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan kayan da mai sha'awar kallon taurari yake buƙata, da yadda ake ɗaukar hotonsu, da yadda ake shirya wa daren kallo, sannan da babbar matsalar da ke addabar mai wannan sha'awa a Gombe, wato gajimare da hazo. Tun daga farko ya kamata a bambance: abin da ake magana a kai shi ne ilimin falaki, wato sanin tafiyar rana da wata da taurari ta hanyar lura da lissafi. Ba shi da alaƙa da duba ko bugun ƙasa.

Matsayin Gombe a Ƙarƙashin Sama

Garin Gombe yana kan digiri 10 da 'yan kai a arewa da layin da ya raba duniya biyu. Wannan babbar dama ce da mutumin Ingila ko Jamus ba shi da ita. Shi wancan, akwai taurarin kudu da yawa da ba zai taɓa gani daga gidansa ba. Amma mutumin Pantami ko Bolari, a dare guda cikin watan Afrilu ko Mayu, zai iya duban arewa ya ga taurari bakwai ɗin nan masu siffar ludayi da Larabawa ke kira Banatu Na'ashi, ya juya kudu kuma ya ga taurari huɗu masu siffar gicciye. A lokacin sanyi, taurarin Jauza'u, masu ukun nan a jere a tsakiya, kusan ta tsakar ka suke wucewa. A bayansu Shi'ira ke biyowa, tauraron da ya fi kowanne haske da dare, wanda aka ambaci sunansa a Suratun Najmi. Can ƙasa da shi wajen kudu kuma ga Suhailu.

Hanya mafi sauƙi ta auna sama ita ce hannu. Idan mutum ya miƙa hannunsa gaba ɗaya ya dunƙule shi, faɗin dunƙulen ya kai kimanin digiri 10. Saboda haka a Gombe, tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa, yana nan dunƙule ɗaya tak daga inda sama ta haɗu da ƙasa. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake komawa kansa.

Kayan Kallo

Kayan aiki na farko shi ne ido. A wuri mai duhu sosai, ido lafiyayye zai iya ganin taurari fiye da 2,000 a lokaci guda. Sai dai ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma leƙa waya sau ɗaya ya isa ya ɓata wannan sabon. Shi ya sa masu kallo suke ɗaure bakin tocila da jar leda, domin jan haske bai cika kashe ido ba. Da ido kawai za a iya ganin duniyoyi biyar masu kewaya rana, wato Uɗaridu da Zuhura da Mirrihi da Mushtari da Zuhalu. Ita Zuhura ita ce Zara idan ta fito da magariba, ita ce kuma Gamzaki idan ta fito da asuba. Alamar da ake gane su da ita ita ce, haskensu a tsaye yake, ba ya ƙyafta ido kamar na sauran taurari.

Na biyu shi ne madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda ake gani a wuyan sojoji da masu yawon buɗe ido. A jikinsa akan rubuta lambobi biyu, kamar 7x50 ko 10x50. Ta farko tana nuna sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a ma'aunin milimita. Ƙwayar idon mutum ba ta wuce milimita 7 komai duhu, don haka gilashi mai milimita 50 yana tara haske kusan ninki 50 na abin da ido ke tarawa. Da shi, Kaza da 'Ya'yanta da ido ke ƙirga shida ko bakwai za su koma gommai. Da shi za a ga ramukan da ke fuskar wata, a kuma ga watanni huɗu na Mushtari kamar ɗige-ɗige a gefensa, waɗanda Galileyo ya fara gani a Italiya cikin Janairun 1610 da madubin da bai kai na yau kyau ba. Ga mai farawa, babu abin da ya fi wannan madubi: yana da araha, ba shi da nauyi, ana kuma iya ɓoye shi a ƙarƙashin riga idan yayyafi ya sauko.

Na uku shi ne babban madubin hangen nesa mai ido ɗaya. Iri biyu ne. Akwai mai gilashi a baki, irin wanda aka fara ƙerawa a ƙasar Holan a 1608. Akwai kuma mai madubi a gindi, wanda Ishaku Niyuton ya ƙera a 1668. Shi na biyun ya fi araha idan ana son babba, musamman wanda aka ɗora a kan akwatin katako mai juyawa, dabarar da wani Ba'amurke mai suna John Dobson ya yayata. Amma bakinsa a buɗe yake, don haka ƙurar hunturu tana shiga ta kwanta a kan madubin. Mai gilashi a baki rufe yake ruf, ya fi jure wa yanayinmu.

A nan akwai tarkon da ke kama masu saye. Sau da yawa za ka ga an rubuta a kwali cewa madubi yana kusanto da abu sau 500 ko 600, alhali faɗin bakinsa bai wuce milimita 60 ba. Ƙa'idar ita ce, madubi ba ya ba da hoto mai kyau idan kusantowar ta wuce ninki biyu na faɗin bakinsa. Ke nan mai milimita 60 iyakarsa 120, abin da ya wuce haka dishi-dishi ne. Ana samun adadin kusantowa ne ta raba tsawon haskakawar madubin da na ɗan gilashin da ake leƙawa ta cikinsa: idan na madubi 900 ne, na maleƙi 25, kusantowar 36 ce, idan aka sa maleƙi mai 10 ta koma 90. Da 90 ɗin nan za a ga zoben Zuhalu sarai. Abin dubawa wajen saye shi ne faɗin baki da ƙarfin ƙafafu. Madubi mai kyau a kan ƙafafu masu rawa, wahala ce kawai.

Ɗaukar Hoto

Hoton wata na farko da aka sani, John Draper ne ya ɗauke shi a Amurka a 1840. A yau ɗalibi mai waya zai iya yin wanda ya fi shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a kara idon kyamarar waya a kan maleƙin madubi, a rage hasken hoton da yatsa, a ɗauka. Wata abu ne mai haske ƙwarai, kuskuren da aka fi yi shi ne barin waya ta zaɓa da kanta, sai hoton ya fito fari fat kamar faifai. Kuma daren sha huɗu ba shi ne ya fi dacewa ba. A kwana bakwai ko takwas ga wata, lokacin da yake rabi, hasken rana yana bugun duwatsunsa ta gefe, inuwa ta fito, ramuka su bayyana.

Hoton taurari kuwa akasin haka ne. Haskensu kaɗan ne, don haka dole a bar idon kyamara a buɗe na tsawon lokaci ya yi ta tara haske, kamar yadda ake tara ruwan indararo a randa. Wannan yana buƙatar abu uku: maɗori mai ƙafa uku don kada kyamara ta motsa, kyamara ko waya da ke ba mutum damar zaɓar tsawon lokacin da kansa, da kuma saita ta ta jira sakan biyu ko goma bayan an danna, domin girgizar hannu ta lafa. Wanda ba shi da maɗori, sai ya cika safa da yashi ko gero ya jingina wayar a kan katanga. Akan ɗaga lambar ISO zuwa 1600 ko 3200, a buɗe bakin gilashi iyakar buɗuwarsa, a saita gani da hannu a kan tauraro mai haske har ya zama ɗan ɗigo.

Sai dai duniya ba ta tsaya jiran kowa. Tana juya digiri 15 a kowace awa, saboda haka idan an daɗe, taurari za su fito zare-zare maimakon ɗige-ɗige. Masu wannan sana'a suna da lissafi mai sauƙi: a raba 500 da lambar milimita da ke jikin gilashin kyamara. Gilashi mai 24 zai ba da kimanin sakan 20, mai 50 kuma sakan 10. Ga ƙananan kyamarori, da kuma taurarin da ke bi ta tsakiyar sama, gara a rage.

Akwai hanya biyu ta tsallake wannan iyaka. Ta farko ita ce tara hotuna. A ɗauki hoto 50 ko 100 na wuri ɗaya, a zuba su a kwamfuta, manhaja irin su Siril ko DeepSkyStacker, waɗanda kyauta ne, ta ɗora su a kan juna. Hoto 100 yana rage dusar da ke cikin hoto kusan sau goma. Ta biyu ita ce maɗori mai bin taurari. Na kanti yana da tsada, amma kowane kafinta zai iya haɗa na gida: katako biyu a haɗa su da ƙarfen ƙyaure mai buɗewa, a huda na ƙasa a nisan milimita 228 daga mahaɗin, a sa ƙusa mai zare wadda ke hawa milimita ɗaya a kowane juyi. Idan ana juya ƙusar sau ɗaya a minti, katakon sama zai riƙa buɗewa daidai da tafiyar taurari. Sharaɗin shi ne mahaɗin ya fuskanci tauraron arewa. To a nan ne dunƙule ɗayan nan ke zama matsala, domin gini ko bishiyar darbejiya ko hazo kaɗan ya isa ya ɓoye tauraron. Dabarar ita ce a yi amfani da alƙiblar waya a nemo arewa, a karkata mahaɗin digiri 10 daga ƙasa. Ga hoto mai faɗi na minti ɗaya ko biyu, wannan ya wadatar.

Zaɓen Wuri da Shirin Dare

Tsohon garin Gombe a cikin kwari yake, tuddai sun kewaye shi, don haka ƙura da hayaƙi da hasken fitilu duk suna taruwa a samansa. Ƙa'idar zaɓen wuri ita ce, mutum ya bar hasken gari a bayansa. Mai neman taurarin kudu ya fita ta hanyar Kumo. Mai neman tauraron arewa ya bi hanyar Bajoga. Mai duban jinjirin wata ya hau tudun yamma, ya wuce Tumfure a kan hanyar Bauchi. Mai son abin da ke fitowa daga gabas kuma ya nufi wajen Dadin Kowa, sai dai ya san cewa kusa da ruwan madatsa raɓa ta fi sauka. Wanda ba zai iya fita ba, tsakar gida ko saman bene ya isa don kallon wata da Mushtari da Zuhalu, domin hasken gari bai dame su ba. Daren da aka ɗauke wuta kuwa, abin da ke ɓata wa kowa rai, shi ne daren sallar mai kallon taurari.

Fita da dare tana da nata ladubban. Kada a tafi ɗaya ɗaya. A je wurin tun da rana a gan shi, a gai da mai unguwa, a sanar da 'yan banga, a nuna masu kayan, a bar su su leƙa wata da idonsu. Doguwar na'ura a kan ƙafa uku cikin duhu tana iya kama da wani abu daban a idon wanda bai san ta ba. A nisanci bariki da filin jirgin sama da shingen jami'an tsaro. A cikin unguwa kuma kada a kuskura a karkata madubi wajen gidajen maƙwabta, domin gidan Bahaushe yana da hurumi. Sannan a sa takalmi sau ciki da dogon wando. Kudancin jihar nan, musamman yankin Kaltungo, ya yi suna da kububuwa, har akwai asibitin masu saran maciji a garin, kuma da dare ne take yawo.

Kafin a fita, a cika batura, a duba manhajar Stellarium don sanin abin da zai fito da lokacinsa, a kuma duba kwanan wata. Daga 25 ga wata zuwa uku ko huɗu ga sabo, sama ta fi duhu. Masu iya magana sun ce rashin farin wata tauraro ke haske, kuma a wannan fage maganar a zahirinta take.

Gajimare, Hazo da Hayaƙi

Duk abin da aka faɗa a baya, idan sama ta rufe ya tashi a banza. A ƙasashen Turai gajimare kawai ake kuka da shi. Mu a nan labule biyu gare mu, kowanne da lokacinsa.

Daga Mayu zuwa farkon Oktoba damina ce, kuma a Yuli da Agusta da Satumba akan yi kwanaki a jere ba a ga tauraro ba. Abin takaici shi ne, a daidai wannan lokaci ne sama ta fi ado. Wannan farin zirin taurari mai kama da hanya, wanda Larabawa ke kira Majarra, tsakiyarsa mai kauri tana hawa sama ta kudu da farkon dare a watannin Yuni zuwa Agusta, kusa da taurarin Kunama. Ruwan taurari masu gilmawa na daren 12 zuwa 13 ga Agusta shi ma a tsakiyar marka yake faɗowa. Husufin wata na 27 ga Yulin 2018, wanda ya ɗauki awa ɗaya da minti 43 a cike, mafi tsawo a wannan ƙarni, a cikin damina ya zo, haka ma na 7 ga Satumban 2025.

Da ruwa ya ɗauke, sai iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura, wadda mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take fitowa, wurin da a da can gindin babban tafki ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu, wani lokacin har Maris, za ka ga babu gajimare ko ɗaya, amma taurari sun dushe. Hazo yana cutar da mai kallo ta hanya biyu: yana tare hasken tauraro, yana kuma watsa hasken fitilun gari ya cika sama da shi. A kan wannan kuma ga hayaƙin ƙonen daji da na shara.

To yaya za a yi? Amsar ita ce a san kalandar sama kamar yadda manomi ya san ta gona.

Lokaci mafi kyau a shekara shi ne kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, bayan ruwa ya wanke sama, kafin hazo ya kankama. A farkon wannan lokaci ana iya riskar tsakiyar Majarra a kudu maso yamma bayan isha'i kafin ta faɗi. A lokacin ne kuma tarin taurarin Andiromeda ke hawa ta arewa maso gabas, wanda Abdurrahman Assufi ya siffanta a littafinsa na shekarar 964 da ɗan ƙaramin gajimare. Hasken da ke zuwa daga gare shi ya yi tafiyar shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso ido. Duk mai babban shiri, ya ajiye shi sai kaka.

A damina kuwa, sirrin yana bayan hadari. A yankinmu hadari yakan taso daga gabas ya nufi yamma, galibi da la'asar ko farkon dare. Idan ya zuba ya wuce, sau da yawa sama takan buɗe cikin dare ko gab da asuba, kuma babu sama mai tsabta irin wannan a duk shekara, domin ruwa ya kwantar da ƙura. Wannan buɗewar tana iya zama ta minti 30 kawai. Saboda haka a damina, kaya marasa nauyi suka fi amfani: madubi mai ido biyu, kyamara a ɗaure a kan maɗorinta a bayan ƙofa, batir a cike. Wanda sai ya yi awa guda yana haɗa kaya, gajimare zai riga shi. A nan ne dabarar tara gajerun hotuna take nuna amfaninta, domin idan gajimare ya gilma ya ɓata goma, sai a zubar da su a riƙe sauran. Hotunan tauraron ɗan'adam da manhajojin yanayi ke nunawa a waya, da hasashen Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, suna taimakawa wajen ganin ko akwai wani hadarin a bayan wanda ya wuce. Idan kuma ana walƙiya, ko da daga nesa ne, a sauko daga bene, domin maɗorin ƙarfe a wuri mai tudu kiran tsawa ne.

Wanda marka ta hana shi ganin Majarra, yana da wata ƙofar. Taurarin da ke fitowa da farkon dare a Yuli, su ne ke fitowa kafin asuba a Maris da Afrilu, domin kowane tauraro yana riga jiya fitowa da minti huɗu. Mai tashi sahur ko sallar dare a bazara, idan ya dubi kudu a ranar da hazo ya yi sauƙi, zai same su.

A hunturu kuma sai a canza abin kallo. Wata da Mushtari da Zuhalu suna huda hazo mara kauri. A riƙa jiran abu ya hau tsakar ka, inda ƙurar da haske zai ratsa ta fi ƙaranci, kuma Allah da ikonsa Jauza'u da Kaza da 'Ya'yanta ta nan suke bi a wannan lokaci. Hazo yana zuwa ne kashi-kashi, yakan yi kwanaki ya lafa. Idan da rana aka ga sama ta yi shuɗi, aka hango duwatsun nesa sarai, to daren na fita ne. Ruwan taurari masu gilmawa na 13 zuwa 14 ga Disamba shi ne wanda ya fi samuwa gare mu. Su waɗannan burbushin duwatsu ne da ke ƙonewa a iska, amma manyansu kan iso ƙasa, kamar wanda ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina a 1962, mai nauyin kilo 18, wanda bincike ya nuna daga Mirrihi ya fito, da wanda ya faɗo a yankin Gujba, maƙwabtanmu, a 1984.

Kowane yanayi yana da irin ɓarnar da yake yi wa kaya. Ƙurar hunturu tana da kaifi, don haka kada a goge gilashi da gefen riga, a hure ta da ɗan famfon roba tukuna. A damina da kaka raɓa ce ke rufe gilashi, maganinta shi ne a naɗa kwali a bakin madubi ya zarce gaba kamar hula. Kada a rufe kaya da danshi, a bari su sha iska, a ajiye su da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, in ba haka ba funfuna za ta ci gilashin. Daren da sama ta ƙi gaba ɗaya kuma, shi ne na gyaran hotunan da aka tara, da koyon sunayen taurari, da rubuta abin da aka gani. Littafin da ɗalibai za su riƙa rubuta yanayin saman Gombe kowane dare, bayan 'yan shekaru zai zama abin dogaro ga na baya.

Duban Wata da Husufi

Wani zai ce wannan duk wasan masu hali ne. Amma kowace shekara, a daren 29 ga Sha'aban da 29 ga Ramalana, miliyoyin mutane suna jiran sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, wadda ta dogara a kan shaidar waɗanda suka ga wata. Matsalar gajimare a nan tsohuwa ce, shari'a ma ta yi hukunci a kanta, cewa idan sama ta rufe a cika talatin. Abin da mai ilimin falaki zai ƙara shi ne taimaka wa mai duba ya san inda zai duba, ya kuma rage kuskure. Jinjirin wata yana bayyana ne kusa da inda rana ta faɗi, gefensa mai haske yana fuskantar wajen ranar, kuma ba ya daɗewa yake bin ta. Masanin Faransa Andre Danjon ya nuna cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba, ido ba ya ganin sa. Siririn gajimare da rana ta haska, ko farin layin da jirgin sama ya bari, suna iya ruɗar mai gaskiya. Madubi mai ido biyu da hoto mai ɗauke da lokaci da wuri suna ƙarfafa shaida. Tun da watannin Musulunci suna zagaya shekara suna matsowa da kwana 10 ko 11, mai duba zai yi shekaru yana fama da hazo, ya kuma yi wasu yana fama da hadari.

Game da husufin rana, da yawa suna tuna na 29 ga Maris 2006, wanda ya rufe rana ruf a Gusau da Katsina da Maradi. Akwai na 2 ga Agustan 2027, wanda zai cika a Masar da Makka, mu kuma mu ga wani sashe idan marka ta bari. Sai na 20 ga Maris 2034, wanda inuwarsa za ta ratsa Nijeriya daga wajen Legas ta nufi Chadi. Gargaɗi a nan shi ne, kada a taɓa duban rana da madubin hangen nesa, domin makanta ce nan take. Baƙin tabarau da gilashin da aka turara da hayaƙi da kallo a cikin kwanon ruwa duk ba su tsare ido. A nemi tabarau na musamman na husufi, ko a huda kwali a bar hasken ya sauka a kan farar takarda.

Kammalawa

Wannan maƙala ta kawo bayani a kan matsayin Gombe, da kayan kallo da na ɗaukar hoto, da zaɓen wuri, da yadda za a zauna da gajimare da hazo. Abin da ya fito fili shi ne, sanin lokaci ya fi tsadar kaya muhimmanci: kaka don babban aiki, bayan hadari don damina, tsakar ka don hunturu, asuba don bazara. Ɗalibai biyar ko shida za su iya haɗa kuɗi su sayi madubi mai ido biyu guda ɗaya su fara. Ga ɗaliban Hausa kuma akwai wani aiki na daban da ke jira. Sunayen taurari da ke bakin tsofaffin manoma da Fulani makiyaya da malaman zaure na ƙasar Gombe, da karin magana da camfe-camfen da ke tattare da su, suna tafiya tare da masu su. Duk wanda zai fita kallon sama, ya tafi da littafi da biro, ya fara tsayawa wurin dattijon ƙauyen ya tambaye shi sunan abin da yake gani.